Darasi na Tara: Motar Jif, Yaƙin Bama da Makanikan Zango

Wanda ya saba shiga trotro daga Nima ko Maamobi a birnin Ankara, hedikwatar Gana, kullum yana jin yaron mota na kiran sunayen wurare da ba kasafai ake tambayar asalinsu ba. Akwai 37, inda asibitin soja yake, wanda Turawan Ingila suka buɗe a 1941 ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, yaƙin da tsofaffi ke kira na Hitila. Akwai filin wasa na El Wak, wanda ya ci sunan wani gari da ke kan iyakar Kenya da Somaliya, inda sojojin ƙasar nan suka gwabza da Italiyawa a watan Disamba na 1940. Gaba kaɗan kuma ga Burma Camp, babban barikin da aka raɗa wa sunan ƙasar Bama. Ita kanta Nima, wadda Malam Amadu Futa ya samu filinta a farkon shekarun 1930 don kiwon shanu, yaƙin nan ne ya cika ta da mutane, domin sansanin sojan Amurka da aka kafa wajen filin jirgin sama ya jawo kuku da masu wanki da leburori da 'yan dako, kuma da aka gama yaƙi tsofaffin sojoji da yawa suka zo suka yi gida a nan. Saboda haka idan muka ɗauki motar da ta fi kowace suna a wancan yaƙi, wato jif, tarihin unguwarmu muke taɓawa.

Maganar da wannan darasi zai kafa guda ɗaya ce. Jif ba ta fi sauran motocin zamaninta ƙarfi ko gudu ko daɗin zama ba. Abin da ya ɗaukaka ta shi ne an ƙera ta yadda talakan soja zai iya koyonta cikin 'yan makonni, ya kuma gyara ta a inda ta lalace da kayan aikin da ke hannunsa. A ganina wannan shi ne ma'aunin da ya kamata mutanen da ba su ƙera mota, sai dai su saya su yi ta lallaɓawa, su riƙa auna kowace mota da shi. Akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne, za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

A tsakiyar 1940, bayan Jamus ta murƙushe Faransa cikin makonni kaɗan da rundunoni masu tafiya a kan injuna, hafsoshin Amurka suka ga cewa dawaki da babura ba za su ishe su ba. Sai suka aika wa kamfanoni 135 takardar neman wata ƙaramar mota mai ja da ƙafa huɗu, wadda za ta ɗauki kayan da ya kai rubu'in tan, nauyinta kuma kada ya wuce kilo 590, a kawo samfurin farko cikin kwana 49. Sharuɗɗan sun yi tsauri har kamfanoni biyu kacal suka amsa da farko: American Bantam, wani ɗan ƙaramin kamfani da ke garin Butler a jihar Pennsylvania wanda ya kusa durƙushewa, da Willys-Overland na garin Toledo a jihar Ohio. Bantam ya ɗauko wani injiniya mai suna Karl Probst, aka zana motar cikin 'yan kwanaki, aka harhaɗa ta da hannu, aka tuƙa ta zuwa sansanin Holabird a ranar 23 ga Satumba, 1940, ranar da wa'adi ke cika. Ta wuce nauyin da aka ƙayyade, kuma babu kamfanin da ya taɓa cika wannan sharaɗi, dole sojan suka ɗaga shi daga baya. Amma ta ci jarrabawar hawa tudu da ratsa taɓo. Abin da ya biyo baya bai yi wa Bantam daɗi ba: hukumar soja ta ce zanen mallakar gwamnati ne, ta miƙa shi ga Willys da Ford, don tana ganin ƙaramin kamfani ba zai iya ƙera dubban da ake buƙata ba. A watan Yuli na 1941 Willys ya samu babbar kwangila ta motoci 16,000, saboda injinsa mai ƙarfin doki 60 ya fi na sauran. Bantam bai kai ga ƙera jif 3,000 ba, ya ƙare yaƙin yana yin 'yan tirelolin da ake ɗaura mata a baya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Duk da rashin adalcin da ke cikin wannan hukunci, a nan ne sirrin motar ya samo tushe. Tun da zanen bai zama ɓoyayyen abin kamfani ɗaya ba, sai gwamnati ta sa Ford ya ƙera irin ta Willys sak, ta yadda kayan wannan za su shiga jikin waccan. Kafin ƙarshen yaƙi a 1945 Willys ya fitar da kimanin 360,000, Ford kuma kimanin 280,000, jimilla wajen 640,000, kusan dukkansu ƙira ɗaya. Ford ya riƙa buga harafin F a kan kayansa, har da notuna, don a san nasa idan an zo da ƙorafi, amma notin mai F yana ɗauruwa a motar Willys ba gardama. Ku yi tunanin abin da wannan ke nufi ga makanikin da ke cikin daji, nesa da kowane kanti. Idan jif uku suka lalace, zai iya kwance ɗaya ya tayar da biyu. Idan ya koyi ɗaya ya koyi duka, ko a hamadar Libiya ya gamu da ita, ko a Italiya, ko a hannun sojan Rasha, waɗanda aka aika wa kimanin 50,000 a ƙarƙashin shirin ba da aron makamai na Amurka.

Ginin motar ma haka yake, komai a fili. Injin mai silinda huɗu ne, irin tsohon yayi da ba shi da sarƙaƙiya a kansa. Giyar gaba uku ce, ta baya ɗaya. Kusa da sandar giya akwai wasu ƙananan sanduna biyu na wani akwatin giya na biyu da ke raba ƙarfin inji tsakanin ƙafafun baya da na gaba. Sanda ɗaya tana haɗa ƙafafun gaba su ma su riƙa ja, ɗayar kuma tana sauke motar zuwa giya mai nauyi, gudu ya ragu, ƙarfin ja ya ninku. Amfanin haka shi ne, motar da ƙafafun baya kawai ke tura ta, da zarar sun faɗa taɓo ko yashi sai su yi ta juyawa a banza, amma idan huɗun suna ja, waɗanda suka taka ƙasa mai ƙarfi za su fitar da sauran. Tsakanin ƙafar gaba da ta baya mita biyu ne da ɗan kai, cikinta kuma a ɗage yake daga ƙasa, shi ya sa take hawa gangare ba tare da ta daki dutse ba. Gilashin gaba yana kwantawa a kan murfin inji. An maƙala shebur da gatari a gefen direba, safayar taya da jarkar mai a baya. Har fitilun gaba an yi su yadda za a juya su su haska inji idan gyara ya kama da dare. Wanda ya yi tunanin wannan fitila ya san cewa motarsa za ta lalace, kuma ya san ba a gareji za ta lalace ba.

Mutanenmu sun haɗu da injunan yaƙi ta hanyoyi biyu. Ta farko a gida: daga watan Satumba na 1940 ana sauke jiragen sama a cikin akwatuna a tashar jirgin ruwa ta Takoradi, a harhaɗa su, su tashi ta Legas da Kano da Maiduguri da Hartum har Alƙahira, kuma daga baya Ankara ta zama babbar tashar jiragen dakon sojan Amurka. Ta biyu a fagen fama. Kimanin mutum 65,000 daga wannan ƙasa, wadda a lokacin ake kira Gwalkwas, suka yi aikin soja a yaƙin. Rundunar sojan Gwalkwas tana da tsohuwar alaƙa da zango, domin tun ƙarni na 19 ana ɗibar dakarunta daga Hausawa da sauran mutanen arewa, Hausa ce ta daɗe tana zama harshen bariki, takenta ma Kullum Shiri. A 1943 aka kafa manyan rundunoni biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, aka haɗa 'yan Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, aka tura su Bama su yaƙi Japanawa. Runduna ta 81 an ba ta kwarin kogin Kaladan, ƙasar duwatsu da kurmin gora inda babu hanyar mota ko ɗaya. Daga watan Disamba na 1943 zuwa Janairu na 1944 sojojin nan suka sare daji, suka yanke gefen tsaunuka da adda da diga da shebur, suka fitar da hanyar jif mai tsawon kusan kilomita 120 daga Chiringa zuwa yankin Daletme, hanyar da aka raɗa wa sunan Afirka ta Yamma.

A nan ne mai ja na farko zai miƙe, ya ce ai wannan labari ƙaryata darasin yake yi. In da jif tana zuwa ko'ina kamar yadda ake kururutawa, me ya sa sai da dubban mutane suka haƙa mata hanya? Zai ƙara da cewa Runduna ta 81 ta shahara ne da abin da ba mota ba: jiragen sama ke jefo mata abinci da harsashi, sa'annan rukunonin 'yan dako, waɗanda su ma sojoji ne, su ɗora a ka su ratsa inda ko alfadari ba ya bi. Wannan gaskiya ne, kuma ya kamata a faɗe shi da ƙarfi, don littattafan Turawa sun fi yabon ƙarfe a kan wuyan da ya ɗauki kaya. Nasarar da rundunonin biyu suka samu a Myohaung a watan Janairu na 1945, wadda sojan Gana ke tunawa da ita har yau, ƙafa da kai ne suka kai su gare ta. Amma mu lura da irin hanyar da aka haƙa. Hanya ce 'yar siririya mai tsananin gangare da kwana, wadda hannu zai iya yi cikin makonni, kuma babu lorin da zai bi ta. Da motar ta fi haka faɗi ko nauyi, da sai an jira manyan injunan gina hanya da gadoji na ƙarfe, abin da babu shi a Kaladan. Ƙanƙantar jif ce ta sa aikinta ya dace da ƙarfin mutanen da ke tare da ita, kamar yadda fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro suka fi dogara da jaki a kan doki, ba don ya fi kyau ba sai don abin da yake nema a hanya bai fi ƙarfin mai shi ba.

Mai ja na biyu ya fi na farko hujja. Zai ce idan ana maganar motar da ta canza rayuwar Afirka ta Yamma, lori ce, ba jif ba. A yaƙin ma manyan motoci ne suka yi dakon gaske, irin su GMC ta Amurka da aka ƙera fiye da rabin miliyan, da Bedford ta Ingila, da ɗaruruwan dubban da Kanada ta fitar. Bayan yaƙi kuwa tsohon sojan da ya samu lasisi ba zai zuba ɗan kuɗin sallamarsa a motar da ke ɗaukar mutum huɗu ba. Lori zai nema, a yi mata bodin katako, ta ɗauko goro daga Kumasi, doya da dabbobi daga arewa, fasinja daga kowace tasha. Na yarda da wannan gaba ɗaya. Sai dai lorin nan da jif 'yan makaranta ɗaya ne: inji mai sauƙi, kayan gyara iri ɗaya, littafin koyarwa da aka rubuta don wanda bai taɓa riƙe sufana ba. Soja ya horar da dubban 'yan Afirka ta Yamma tuƙi da kanikanci da aikin lantarki da na waya, ya kuma koya wa da yawa karatu da ɗan Turanci, don yaƙin injuna ba ya yiwuwa da dakarun da suka iya fareti kawai. Abin da ya sauka daga jirgin ruwa tare da su a 1945 da 1946 shi ne wannan sana'a. Ƙarfen ya ruɓe tuntuni, sana'ar kuwa ta bi hanyar da sana'a ke bi a zango, daga maigida zuwa yaronsa.

Kada a ɗauka sun dawo sun tarar da daɗi. Ayyukan da aka yi musu alkawari ba su samu ba, kuɗin sallama bai taka kara ya karya ba, kaya sun yi tsada a kantunan manyan kamfanonin Turawa, har a watan Janairu na 1948 Nii Kwabena Bonne na Uku ya jagoranci ƙaurace wa sayen kayan da ake shigowa da su. Ranar 28 ga Fabrairu tsofaffin sojoji suka yi jerin gwano ba makami don kai kukansu ga gwamna a fadar Osu, wani jami'in 'yan sanda Bature mai suna Imray ya harbe uku daga cikinsu a mararrabar Christiansborg: Saje Adjetey, Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya ta girgiza mulkin mallaka, shekara tara bayan haka, ranar 6 ga Maris, 1957, Gana ta samu 'yanci.

Wata biyu bayan harbin Osu, ranar 30 ga Afrilu, 1948, aka nuna wata sabuwar mota a baje kolin birnin Amsterdam, ita ce Land Rover. Mai zanenta, Maurice Wilks na kamfanin Rover, yana amfani da wata tsohuwar jif ta soja a gonarsa da ke tsibirin Anglesey, kuma samfurin farko a kan ƙashin jif aka ɗora shi. An yi bodinta da alminiyom saboda ƙarancin ƙarfe a Ingila bayan yaƙi, abin da ya zame mata alheri a ƙasashe masu danshi, tun da bodin ba ya tsatsa. Ita ce ta zama motar 'yan sanda da jami'an gona da na lafiya a Gana da Nijeriya shekaru da dama. A Japan, Toyota ya fitar da tasa a 1951, ta samu sunan Land Cruiser a 1954. A Indiya kamfanin Mahindra ya fara da harhaɗa jif ɗin Willys, a Filifin kuma aka tsawaita waɗanda Amurkawa suka bari aka mai da su motocin haya masu ado, trotro ɗinsu ke nan. Hujja mafi ƙarfi a cikin wannan zuriya ita ce Land Cruiser ƙirar 70, wadda aka fara a 1984 kuma ana ƙera ta har yanzu, ƙungiyoyin agaji da ke aiki a ƙauyukan Sahel suna neman ta musamman, alhali akwai sababbi da suka fi ta komai a kan takarda. Sun san inda za ta lalace, sun kuma san wanda zai buɗe murfinta.

Saura ja biyu, kuma ba zan iya kawar da su duka ba. Na ɗaya, jif mota ce mai haɗari. Gajera ce, tana da tsayi, ba ta da rufin ƙarfe ko ƙofa ko ɗamarar kujera, tankin mai kuma a ƙarƙashin mazaunin direba yake. Ta kife da sojoji da yawa a kwana, nesa da bakin bindiga. Motar yau ta fi ta tsare rai, ta fi ta tattalin mai, hayaƙinta ya fi sauƙi, kuma na'urorin kwamfuta da makanikai ke kuka da su suna cikin dalilan hakan. Babu mai hankalin da zai ce a koma 1941. Amsata ita ce tsaro da gyaruwa ba kishiyoyin juna ba ne. Birki mai kyau da jakar iska ba su ne ke hana gyara ba. Abin da ke hanawa shi ne kamfani ya kulle bayanin motar, ya sa sai na'urarsa ce za ta karanta laifinta, ya kuma riƙa canza fasalin ƙaramin abu kowace shekara don na bara kada ya shiga. Wannan shawara ce ta kasuwanci, kuma ana iya canza ta da doka, kamar yadda masu zaɓe a jihar Massachusetts ta Amurka suka yi a 2012, suka tilasta wa kamfanoni buɗe bayanan gyara ga garejin da ba nasu ba. Na biyu kuma ya fi nauyi: halin da ya sa irin wannan mota ta dace da ma'aikacin rigakafi shi ne ya sa ta dace da mai ɗauke da makami. A 1987 sojan Cadi sun kori tankokin Libiya daga arewacin ƙasarsu da motocin Toyota masu buɗaɗɗen baya, kuma mun san su waye ke yawo da irinsu a dazuzzukan Sahel a yau. Wannan bai rushe ma'aunin da muka kafa ba, amma yana hana mu yi wa ƙarfe kirari.

Yawancin motocin da ke bin titin Nima a yau tsofaffi ne da aka shigo da su daga Turai da Amurka da Koriya, ƙira barkatai, shekaru barkatai, akasin jif 640,000 masu noti ɗaya. Shi ya sa kasuwar Abossey Okai ta cika da injuna da giyoyi da aka kwance daga wasu motocin, shi ya sa kuma Suame Magazine a Kumasi ta zama gari guda na maƙera da makanikai. Masu wannan sana'a suna yin abin da makanikin Kaladan ya yi, su kwance ɗaya su tayar da biyu, sai dai yanzu kunne da hannu ba su isa ba. Motar tana faɗin ciwonta da lambobi a fuskar na'ura, kuma wanda bai iya karanta lamba da harafi ba dole ya biya wanda ya iya, ko ya yi ta canza kaya da ka har kuɗin mai mota ya ƙare.

Kafin darasi na gaba, kowa ya je garejin da ya fi kusa da gidansa, ya gai da maigidan wurin, ya tambaye shi wace mota ce ta fi masa sauƙin gyara, wacce ce kuma yake mayarwa idan an kawo, da dalilinsa. Ku tambaye shi a wurin wa ya koyi aiki, shi kuma wancan a wurin wa, ku bi salsalar iya inda ya sani. Ku rubuta amsoshin a layi goma, tare da sunayen kayan mota biyar kamar yadda ake kiransu a garejin, ku zo da su aji.